Tura iska ko naitirojin a bakin kwamfiresa mai bar 300: tambayoyi da amsoshi

Kwamfiresar da ake magana a kai a nan ba irin ta mai faci ba ce, wadda matsinta ke tsayawa a bar 8 ko 10 (bar da psi ma'aunan matsin iska ne). Ana nufin wadda ke ɗura iska har bar 200 ko 300, wato psi 3,000 zuwa wajen 4,500, irin wadda 'yan kwana-kwana ke cika tukwanen numfashinsu da ita, da masu nutso a ruwa, da masu bindigar iska ta PCP, wadda ake ɗura wa iska mai matsi tana harbi da ita. Tun da ƙananan injinan China irin su Yong Heng suka yi araha suka shiga hannun mutane, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, sai dai kowa da yadda yake jero ta: me zai faru in na haɗa tiyo a bakin da injin ke zuƙar iska, na tura masa iska mai matsi ko naitirojin? Na tattara tambayoyin ne a nan don in huta da maimaici.

Me ke sa mutum ya so yin haka tun farko?

Yawanci ɗayan abu uku ne. Wani sauri yake nema, ya gaji da zaman jiran tukunya ta cika. Wani ruwa yake gudu, don ya taɓa buɗe tukunya ya tarar da tsatsa. Na ukun kuwa yana da babbar tukunyar naitirojin da ya saya da kuɗinsa, matsinta ya sauka zuwa bar 120, bindigarsa kuma bar 200 take so, ga gas maƙare a ciki amma ba ya da ƙarfin shiga. Na biyu da na uku buƙatunsu na da hanya. Na farkon ne ke kashe injina.

In na ƙara mata bar ɗaya kacal fa? Injin da ke kai bar 300, me bar ɗaya zai yi masa?

Nan ne geji ke yaudarar mutane. Allurar geji tana kwance a kan sifili alhali iskar da muke zaune a cikinta tana da nata matsin, kimanin bar 1, ko psi 14.7 a bakin teku. Da wannan bar ɗayan aka yi lissafin injin tun daga zanensa. Saboda haka idan gejinka ya nuna bar 1 a bakin injin, ainihin matsin da ke shiga bar 2 ne. Ba kashi ɗaya cikin ɗari uku ka ƙara ba, ninka abincin injin ka yi. In geji ya nuna bar 2, ka ninka sau uku ke nan. Tiyon mai faci mai bar 8 kuwa ninki tara ne.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kwamfiresa ninkawa take yi, ba tarawa ba. Duk abin da ka ba ta a baki, shi za ta yi ta ninkawa daga fistin zuwa fistin.

To me ke faruwa a cikin injin daidai lokacin?

Babu fistin ɗaya da zai ɗauki iska daga bar 1 ya kai ta 300, zafi kaɗai zai ƙone man. Shi ya sa ake hawa-hawa. Bauer Junior II na Jamus hawa uku ne, Coltri MCH6 na Italiya hawa huɗu, dukkansu suna ba da wajen lita 100 a minti. A injin hawa uku, kowane fistin yana ninka matsi kusan sau shida zuwa bakwai: babban fistin na farko ya kai ta wajen bar 7, na biyu ya kai ta 45 ko kusa da haka, ɗan siririn na ƙarshe mai kaurin yatsa ya ƙarasa ta 300. Tsakanin kowane hawa akwai bututu mai sanyaya iskar, da bawul ɗin kariya da aka saita ɗan sama da matsin wurin.

Matsin da ke tsakanin hawa-hawan nan girman fistin-fistin ne ke yanke shi, tare da abin da ya shigo ta baki. Ka ba shi bar 2 maimakon 1, sai hawan farko ya koma wajen 14, na biyu ya doshi 90. Gejin da kake kallo a waje na ƙarshe ne, shi kuma yana nan yana hawa lafiya lau kamar kullum, har ma ya fi sauri, sai ka ji daɗi. A ciki kuwa babban fistin, wanda ya fi kowanne faɗi, yana ɗauke da ninkin nauyin da aka yi shi dominsa, nauyin kuma yana sauka a kan sandarsa da boris da karanshaf. In injin na kirki ne, bawul ɗin kariya na hawan farko zai fara huci, ya tone maka asiri. Ƙananan masu araha da yawa ba su da wannan bawul ɗin a tsakiya, abin da za ka ji shi ne ƙarar ƙarfe.

Sai batun wuta. Iskar da ake matsawa ta ninka, aikin da ake yi a kan kowace lita ya ɗan ragu kaɗan, in ka haɗa lissafin injin zai nemi ƙarin ƙarfi na wajen kashi 75 cikin ɗari. Koyil ɗin da aka naɗa don kilowat 2 ba zai ba da uku da rabi ba sai da hayaƙi. Ga wutarmu kuma da takan zo a raunane, wadda ko ba ƙarin kaya tana gasa koyil.

An ce mai yakan yi ambaliya in an yi haka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma na gani da idona. Injina da yawa suna da ɗan bututu da ya taso daga ɗakin bakin mai ya koma bakin shan iska, don tururin da ya tsere ta gefen ringi ya samu hanyar komawa. Da ka matsa bakin, ka matsa ɗakin mai ke nan. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini injinsa a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da buhu. Ya haɗa shi da tankin shagonsa ne a bar 3, ya ce minti biyu na farko har murna yake yi. Da na ɗaga buhun, fanka da bel da bututun sanyaya duk sun yi sharkaf da mai, sil ɗin karanshaf ya fito waje kamar leɓe, sandar duba mai kuwa ya ce a can gefen bango ya tsince ta. Da muka kwance kan fistin na farko, farantin bawul ya tsage gida biyu. Kuɗin gyaran ya kusa sayen ƙaramin busta, wato injin ƙara wa gas matsi, abin da ya kamata ya saya tun asali.

Wato ba a taɓa ba injin iska mai matsi ke nan?

Ana bayarwa, amma ga injin da aka yi don haka, shi ake kira busta. Kamfanin Haskel na Amurka da Maximator na Jamus sun yi suna a kan irin wanda ba ya da lantarki sam: iskar shago ce ke tura faffaɗan fistin, shi kuma ya tura ƙarami, ƙaramin ya matsa gas ɗin da ke fitowa daga tukunyarka. Akwai kuma ShoeBox da masu bindigar iska suka sani, wanda aka ƙera musamman don kwamfiresar shago ta zama ita ce hawansa na farko. Su Bauer ma suna da injinan gas da aka rufe ɗakin mansu, aka sa musu abin daidaita matsi a baki. Duk waɗannan za ka ga an rubuta iyakar matsin shiga a jikin farantinsu ko a littafinsu. In ka duba naka ba ka ga an ambaci matsin shiga ba, amsar ita ce iskar sarari kawai yake sha.

To yaya zan ba ta naitirojin ba tare da na matsa ta ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi amfani. Canza abin da injin ke sha ba laifi ba ne, naitirojin ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da yake sha dama, kuma wajen matsawa halinsu kusan ɗaya ne. Abin da ba a so shi ne ƙarfin turawa. Dabarar ita ce ka sauko da gas ɗin har ya zama kamar iskar ɗaki kafin ya isa baki.

A kan tukunya ka ɗaura regileta, wato abin rage matsi, ta naitirojin, wadda aka yi don bar 200 ko 300, ba ta gas ɗin girki ba. Bayanta ka sa bawul mai allura ko ma'aunin gudu, don ka iya ƙarawa da ragewa sannu-sannu. Daga nan tiyo ya shiga wata jaka mai laushi, daga jakar kuma faffaɗan tiyo ya tafi bakin injin. Jakar ita ce komai. Wasu na amfani da babbar balan-balan, wasu da sabon tif na babbar mota da aka wanke hodar cikinsa, wasu da jakar leda mai kauri. Aikinka shi ne ka zuba mata ido: kada ta kumbura ta yi tauri, kada kuma ta lanƙwame. Ta tsaya rabi-rabi, tana numfashi kamar cikin mai barci. Fistin ba ya zuƙa a miƙe, fizga yake yi sau da yawa a daƙiƙa guda, jakar ce ke shanye wannan fizgar. In ka haɗa regileta kai tsaye da baki ba jaka, allura za ta yi ta rawa, kuma ranar da regiletar ta yi gardama ta saki, bar 200 ne zai faɗa wa fistin ɗin farko.

Ni nakan ƙara da mahaɗa mai baki uku, a bar ɗaya a buɗe da ɗan dogon tiyo da ya fita waje. In gas ya yi yawa ya fice ta can, in ya gaza injin ya ja iskar waje. Ana asarar ɗan gas, tsarkin naitirojin ɗin ma yana ɗan raguwa, amma matsi ba shi da inda zai taru. Tsarin aiki kuma: buɗe gas har jaka ta yi rabi, ta da injin da bawul ɗin zubar da ruwa a buɗe na ɗan lokaci don tsohuwar iska ta fita, sannan ka rufe. Wajen tsayawa, kashe injin da rufe gas su zo tare.

In gas ya gaza fa, jakar ta manne?

Shi ma ɓarna ce, ta ɗaya gefen. Injin yana ja ba abin ja, sai ya fara tsotso mai ta gefen ringi zuwa sama. Ga shi iskar da ke isa fistin na ƙarshe ta ragu, amma bar 300 ɗin da yake turawa a kai na nan, don haka ninkin da yake yi shi kaɗai ya ƙaru, zafi ya tashi. Kada ka tafi salla ko karɓar waya ka bar shi yana aiki.

Ruwa nawa ne a cikin iskar da har ake wannan wahala?

Ya fi yadda ake zato. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe giram 30 na ruwa a kowace lita dubu. A watan Agusta a Kano ko Zariya, in laima ta kai kashi 80, giram 24 ke nan. Tukunya mai lita 6.8, irin ta 'yan kwana-kwana, tana cin iska kusan lita 2,000 kafin ta kai bar 300. Cikawa ɗaya ke nan injin zai haɗiye ruwa kimanin cokali uku na cin abinci. Shi ne farin ruwan nan mai kama da madara da ke fesowa in ka buɗe bawul ɗin ƙasa, ruwa ne ya gauraya da mai.

Da hunturu abin yana sauka ƙwarai, amma kada ka ce ka tsira. A bar 300 abin da iska ke iya riƙewa bai kai rabin giram a lita dubu ba, don haka ko busasshiyar iskar Janairu sai ta zubar da ruwa. Hunturu kuma yana zuwa da tasa matsalar, ƙura, wadda ke toshe matatar baki ta sa injin yunwa.

In cika gwangwani da ƙwayoyin tsotse laima in sa a baki, bai wadatar ba?

Yana ragewa, amma an sa shi a inda ya fi shan wahala. A baki, ƙwayoyin za su yi kokawa da cokali ukun nan gaba ɗaya, ga iska na wucewa a guje, nan da nan sun ƙoshi sun canza launi. Matsawa da sanyayawa su ne ke fitar da mafi yawan ruwan a kyauta, ya taru a kwalbar rabewa ka zubar duk minti goma ko sha biyar. Ɗan abin da ya rage shi ne aikin matatar ƙarshe, mai ƙwayoyin tsotse laima na 13X da gawayi, a ɓangaren matsi mai yawa. Ƙa'idar Turai ta iskar numfashi, EN 12021, ta ce ruwan da ke fitowa daga kwamfiresa kada ya wuce miligiram 25 a lita dubu. Ba gwangwanin baki da zai kai ka nan. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi matatar ƙarshe.

Ina da kwamfiresar shago mai tanki. Tana da wani amfani a nan?

Tana da shi, in ka ɗauke ta a matsayin mai busarwa. Iskar da aka matsa zuwa bar 8 ta huce a tanki ta riga ta zubar da yawancin ruwanta, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin tara na abin da za ta iya riƙewa a sarari ba. Ka sauko da ita ta regileta zuwa cikin jaka, kamar yadda aka yi wa naitirojin, ka mai da damina hunturu ke nan. Sharaɗi biyu: a zubar da ruwan tankin kullum, kuma a sa matatar mai a hanya, don injinan shago suna tofar da mai. Wannan na bindiga ne da gwajin bututu. Iskar da mutum zai shaƙa ba a bi da ita ta injin shago.

Naitirojin ɗin ta cancanci kuɗinta kuwa?

Ya danganta da abin da ka fi jin tsoro. Ta tukunya a bushe take, ba ta kawo tsatsa, kuma da yake ba oksijin, man injin ba ya saurin ƙonewa ya bar baƙin gawayi a kan bawul. Ga ƙananan injina masu hawa biyu, da kowane fistin ke ninkawa sau goma sha bakwai ko fiye, suke kuma dogara da bokitin ruwa don sanyi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Harsashi dai ba zai fi gudu ba, kada wani ya ruɗe ka.

Ga lissafin. Tukunya mai lita 50 a bar 200 tana ɗauke da gas kusan lita 10,000. In ka juye ta kai tsaye cikin fankon tukunya mai lita 6.8, za su daidaita a wajen bar 176, ta biyu a 155, haka za a yi ta sauka. In ta bi ta jaka da kwamfiresa kuwa, za ka cika ƙaramar har bar 300 kusan sau biyar, ka mayar da babbar ba komai a ciki sai ɗan abin da ake bari don kada laima ta shiga. Masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki sun san inda ake samunta, da ita suke gwada yoyon bututu.

Oksijin na masu walda ya fi sauƙin samu. Zai yi?

A'a. Ko kusa. Mai da zafi da matsi da oksijin su ne abin da ke tayar da injin dizal ba tare da fulogi ba, kuma ukun farko duk suna cikin kwamfiresarka. Da tsantsar oksijin, kan fistin ko matata ko ita kanta bindigar na iya tashi da wuta a hannunka. Masu haɗa wa masu nutso iskar Nitrox suna ƙara oksijin a baki, gaskiya ne, amma a matsin sarari, ta cikin bututun gaurayawa, da na'urar awo a kunne, kuma ba sa wuce kashi 40 cikin ɗari. Aiki ne na wanda aka horar, a kan injin da maƙerinsa ya amince.

Kada kuma ka dogara da fenti. A tsarin Turai na yanzu kafaɗar tukunyar naitirojin baƙa ce, ta oksijin fara. A tsohon tsarin Ingila kuwa tukunyar oksijin ta masana'antu ita ce baƙa, a Amurka koriya. Tukwanen da ke yawo a kasuwanninmu daga ko'ina suka zo, wasu an sake musu fenti. Karanta tambarin da ke jiki, ka saya a wurin da za su iya gaya maka abin da suka ɗura. Iskar kabon ta kashe gobara ma ba ta shiga, tana zama ruwa a wajen bar 57 in zafi na digiri 20, fistin kuma ba ya matsa ruwa. Gas ɗin girki ba sai an faɗa ba.

Naitirojin ba ta kama wuta, ba guba ba ce. Ina haɗarinta?

A shirunta. Jikin mutum ba ya jin ƙarancin oksijin, taruwar iskar kabon ce ke sa ka ji numfashi ya ƙuntata. In naitirojin ta kore iskar ɗaki, ba wari, ba tari, sai jiri, sai faɗuwa. Lita 10,000 ɗin nan in ta tsiyaye a shago mai mita uku-uku da ƙofa a rufe, oksijin zai sauko daga kashi 21 zuwa wajen 14, alhali ƙasa da 19.5 an riga an shiga haɗari. Yi aikin a rumfa ko a buɗe ƙofa da taga, tiyon rarar gas ya fita waje, tukunya kuma a ɗaure ta da sarƙa a tsaye.

Na biyu ya fi muni. Tukunyar 'yan kwana-kwana da ta masu nutso su ne dai masu bindiga ke saye su yi amfani da su. In ka cika irinta da naitirojin, wani ya ɗauka ya sa a fuska, shaƙa kaɗan ta isa ta kwantar da shi. Rubuta mata da fenti, manya-manya, cewa ba ta numfashi ba ce. Injin da ake cika tukwanen numfashi da shi kuwa ni ban yarda a kusanto masa da naitirojin ba sam, ko sau ɗaya.

Ina Jos, injina bai kai saurin da aka rubuta ba. Ya lalace ne?

Wataƙila lafiyarsa lau. Jos tana kan tudu na wajen mita 1,200, matsin iska a can kimanin bar 0.88 ne, don haka kowace zuƙa tana zuwa da ƙasa da ta Legas da kusan kashi 13 cikin ɗari. A lissafi, ƙarin bar 0.1 a baki zai mayar da injin bakin teku ne kawai. A aikace kuwa riƙe bar 0.1 daidai yana son regileta ta musamman da bawul ɗin kariya mai laushi, ga batun ɗakin mai da aka ambata. Ribar minti biyu ce ko uku a kowace tukunya. Ni da zan ba ka shawara, ka sha shayi ka jira.

Ba wuta, da janareto nake aiki. Akwai abin lura a bakin injin?

Akwai, kuma ga masu cika tukunyar numfashi ya fi duk abin da aka faɗa a sama muhimmanci. Hayaƙin janareto yana ɗauke da kabon monoksaid, injin zai zuƙe shi ya ɗura a tukunya, ƙa'idar EN 12021 kuma kashi 5 cikin miliyan kawai ta yarda da shi. Gawayin matata ba ya kama shi, sai matatar da ke da sinadarin hofkalait. Ka kai janareton can nesa ta inda iska ke tafiya, ka ja bakin injin da tiyo zuwa sama ta inda iska ke fitowa, in iska ta juya kai ma ka juya. Tiyon ya zama mai faɗi, in ya yi tsawo a ƙara masa faɗi, kada ya lanƙwashe a hanya, in ba haka ba ka koma matsalar jakar da ta manne.